Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Daga Aikin En'e a Gusau Zuwa Gina Gwamnatin Jihar Arewa

Gabatarwa

Mawaƙa da marubuta sun yi wa Alhaji Sir Ahmadu Bello hidima mai yawa, har ya zamana da wuya a sami ɗan Arewa wanda bai taɓa jin sunan Gamji ba. Sai dai galibin abin da ake faɗa game da shi yabo ne na kyautarsa da kwarjininsa. Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne ta bi rayuwarsa ta fuskar aikin mulki, watau inda ya koyi aikin, da irin gwamnatin da ya gina a Kaduna, da kuma abin da jihohinmu na yau suka gada daga gare ta. A cikin wannan labari Gusau tana da matsayi babba wanda ba a cika ambatawa ba, domin a can ne ya ɗanɗani zaƙin iko, a can ne kuma ya ɗanɗani ɗacinsa.

Ya kamata a lura tun da fari cewa a zamaninsa idan aka ce Jiha, Arewa baki ɗaya ake nufi, tun daga Sakkwato har Barno, tun daga Katsina har Ilori. Daga baya ne kalmar ta koma kan ƙananan jihohin da aka yanka daga cikinta.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Ahmadu a garin Rabah, gabas da birnin Sakkwato, a shekarar 1910. Mahaifinsa shi ne Ibrahim, Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ke nan an haife shi shekara bakwai kacal bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, a gidan da ke da haƙƙin neman sarautar Sarkin Musulmi.

Bayan karatun allo sai aka sa shi makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1926, ya gama a 1931. Wannan kwaleji an kafa ta ne don horar da malaman makaranta, amma ita ce ta yaye yawancin mutanen da suka riƙe Arewa daga baya, kamar su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita. Ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, sa'an nan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah, ya hau gadon mahaifinsa yana da shekara ashirin da huɗu.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi sarautar, amma Allah ya ba ɗan'uwansa Abubakar, wanda ya yi shekara hamsin a kan gado. Sabon Sarkin Musulmi ya ba Ahmadu sarautar da shi kansa ya bari, watau Sardauna, ya sa shi cikin majalisarsa, kuma aka tura shi Gusau ya zauna ya riƙa duba aikin gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato.

Zamansa a Gusau

Domin a gane nauyin wannan aiki, sai an san yadda mulkin En'e yake tafiya a lokacin. Turawa sun bar sarakuna a kan karagarsu, suna mulki ta hannunsu. A ƙasa akwai mai unguwa, a samansa akwai mai riƙon ƙauye, wanda Kanawa ke kira dagaci, Sakkwatawa kuwa hakimi, a samansa kuma akwai uban ƙasa mai riƙon gunduma. Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu da Sarkin Kiyawan Ƙauran Namoda duk iyayen ƙasa ne a wannan lokaci, suna ƙarƙashin Sarkin Musulmi. En'e tana da Baitulmalinta da alƙalanta da 'yan dokanta da gidan yarinta. A gefe guda kuma ga Di'o, ga Razdan mai lura da lardi, waɗanda a takarda mashawarta ne, amma a zahiri shawararsu umarni ce.

Jigon wannan tsari duka shi ne haraji da jangali. Manomi a ƙauye irin su Ruwan Bore ko Mada bai san gwamnati ba sai ta hanyar malamin da ke zuwa ƙidayar magidanta, da takardar shaidar biyan haraji da yake adanawa a cikin laya ko ƙasan tukunya. Bafillace kuwa ya san ta ne a lokacin damina, sa'ad da ake ƙirga shanu. Kuɗin yakan hau daga hannu zuwa hannu har ya isa Baitulmali, a nan a cire kason gwamnati, saura kuma a biya albashin ma'aikata, a gyara hanya, a riƙe makarantar elemantare da ɗakin shan magani.

Gusau tana nesa da Sakkwato da fiye da mil ɗari, ga shi kuma tun da jirgin ƙasa ya iso ta daga Zariya ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, ta zama babbar kasuwar auduga da gyaɗa ta lardin duka. Kamfanonin Turawa sun buɗe kantuna, 'yan kudu da Kwarori sun zauna, kuɗi suna yawo fiye da yadda suke yi a birnin Sakkwato kansa. Saboda haka wanda aka ɗora wa duba gabas, an ba shi ɓangaren da ya fi arziki, ya kuma fi wuyar riƙo. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aikin ya ƙaru, don an ɗora wa En'e-En'e neman sojoji, da tara hatsi, da tura leburori haƙar kuza a Jos. A nan Sardauna ya laƙanci aikin ofis da lissafin kuɗi da rangadi, ya san abin da doka ke zama idan ta bar takarda ta isa ƙauye.

Shari'ar Jangali

A 1943 aka kai ƙararsa cewa ya karɓi jangali daga hannun wasu Fulani bai zuba a Baitulmali ba. Aka gurfanar da shi a kotun Sarkin Musulmi, aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, ita kuwa ta soke hukuncin ta wanke shi. Masana tarihi da dama suna ganin cewa gasar sarauta ta 1938 da zugar 'yan fada suna da hannu a wannan al'amari.

Ko ma mene ne asalinsa, darasin da ke ciki a fili yake. Hukumar da ta yi ƙara ita ce ta kama, ita ce ta yi shari'a, kuma da ba a sami wata kotu a wajenta ba, da ita ce za ta ɗaure. Jikan Muhammadu Bello ma bai tsira ba sai da ya fita ƙasar Sakkwato neman adalci, balle talakan da bai san hanyar Zariya ba. Shari'ar ta kuma ɗaga sunansa a wurin samarin 'yan boko na Arewa, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin wanda tsohon tsari ya nemi ya murƙushe. Daga baya aka sasanta shi da Sarkin Musulmi, a 1944 aka mayar da shi Sakkwato, ya zama jigo a ofishin En'e. A 1948 ya tafi Ingila ya yi nazarin yadda ƙananan hukumominsu ke aiki.

Shigarsa Siyasa

A 1949, bayan rasuwar Waziri Abbas, aka zaɓe shi ya wakilci Sakkwato a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. Ya halarci taron Ibadan na 1950 inda wakilan Arewa suka dage sai an ba Jiharsu rabin kujerun majalisar tarayya, suka kuwa samu. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta rikiɗa daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, ba da jimawa ba kuma aka damƙa masa sha'anin En'e-En'e.

A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Legas yana neman mulkin kai a 1956. Sardauna ya ƙi yarda a tsayar da shekara, dalilinsa kuwa shi ne Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshinta idan Turawa suka tashi. Wannan saɓani ya jawo tarzomar Kano ta watan Mayu na wannan shekara, ya kuma kai ga sabon tsarin mulki na 1954 wanda ya ba kowace Jiha ikon kanta a kan al'amura da yawa. Ranar 1 ga Oktoba 1954 Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Ko da aka buɗe kujerar Firayim Minista a 1957, sai ya bar wa mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya tsaya Kaduna. Wannan zaɓi nasa ya nuna inda yake ganin ainihin iko yake.

Yadda Gwamnatinsa Take

A saman tsarin akwai Gwamna. Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa ke kira Mai Wandon Ƙarfe, shi ne har 1957, sai Sir Gawain Bell, sai kuma Sir Kashim Ibrahim daga 1962, wanda shi ne ɗan ƙasa na farko. Da fari Gwamna ke shugabantar Majalisar Zartaswa. Ranar 15 ga Maris 1959 Arewa ta sami mulkin kai, Firimiya ya karɓi shugabancin majalisar, Gwamna ya koma mai sa hannu a kan abin da aka zartar. Ba banza aka zaɓi wannan rana ba, domin ranar 15 ga Maris ce Sakkwato ta faɗi a 1903.

Majalisar dokoki hawa biyu ce. Akwai Majalisar Wakilai ta zaɓaɓɓu, akwai Majalisar Sarakuna, dukansu suna zama a zauren Lugard a Kaduna, kuma doka sai ta bi ta cikinsu kafin ta kai ga Gwamna. Ba jama'a ke zaɓen Firimiya kai tsaye ba. Wanda ke da rinjaye a Majalisar Wakilai shi ke kafa gwamnati, ministocinsa kuma daga cikin 'yan majalisun ake ɗaukarsu, suna zaune a ciki ana yi musu tambayoyi. Makaman Bida ya riƙe Kuɗi, Isa Kaita ya daɗe a kan Ilmi. Akwai kuma manyan sarakuna da aka sa cikin Majalisar Zartaswa a matsayin ministoci marasa ma'aikata, kuma cikinsu har da Sarkin Musulmi Abubakar. Ke nan wanda kotunsa ta yanke wa Sardauna ɗauri a 1943 ya zo yana zama a majalisar da Sardauna ke shugabanta.

A ƙarƙashin kowane minista akwai Babban Sakatare, wanda ma'aikaci ne ba ɗan siyasa ba, shi ke riƙe da fayil da kuɗi da ma'aikata. A nan Sardauna ya fi sa ƙarfinsa. Ya tarar da manyan kujeru a hannun Turawa, na tsakiya kuwa a hannun 'yan kudu, sai ya kafa manufar fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar aiki. Aka yi ta tura samari Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya da kuma ƙasashen waje, har aka kai ga Ali Aƙilu ya zama Sakataren Firimiya, shugaban ma'aikatan Jiha. Manufar ta ƙona wa 'yan kudu rai, da yawansu sun rasa aiki, kuma tana cikin abubuwan da suka ƙara nisanta ɓangarorin ƙasar. Amma a cikin Arewa bai tsaya kan Hausa da Fulani ba, ya jawo 'yan Kabba da Binuwai da Filato da Ilori, Musulmi da Kirista, irin su Sunday Awoniyi a cikin ma'aikata da Michael Audu Buba a cikin ministoci.

Kuɗin tafiyar da gwamnati kuwa, ban da kason haraji da abin da ke zuwa daga tarayya, yawancinsa guminsa na manomi ne. Hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashin gyaɗa da auduga, ta saya ta sayar a waje, ribar ta shiga ayyukan raya ƙasa. Buhunan da ake lodawa a tashar Gusau suna da rabo a cikin masaƙar Kaduna ta 1957, da Bankin Arewa, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya ranar 4 ga Oktoba 1962.

Kaduna da En'e-En'e

Sardauna bai rushe En'e ba, don a cikinta ya tashi, kuma ita ce ginshiƙin jam'iyyarsa. Abin da ya yi shi ne ya sa mata linzami. Tun a 1950 Tafawa Ɓalewa ya soki tsarin a majalisa, kuma a 1952 aka fara ɗaure sarki da shawarar majalisarsa. Dokar En'e ta 1954, wadda ta fito daga ma'aikatar Sardauna, ta tsara ikon kowace hukuma da na majalisun gundumomi da garuruwa, ta kuma ƙarfafa hannun gwamnatin Jiha a kansu. A 1962 aka naɗa kwamishinonin lardi, 'yan siyasa masu muƙamin minista, suka maye gurbin Razdan a larduna goma sha uku. Wanda duk ke shakkar inda iko ya koma, abin da ya faru a Kano a 1963 ya ishe shi. Gwamnati ta sa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, kuma sakamakon binciken ya sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda aminin Sardauna ne a da, ya yi murabus ya koma Azare.

Ta fuskar shari'a ma an yi gyara. A 1958 aka gayyato kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifar da kundin dokokin laifuffuka da ya fara aiki a 1960, tare da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Malam Abubakar Mahmud Gummi, ɗan ƙasar Zamfara, ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962.

Duk da haka gyaran bai kai inda shari'ar jangali ta nuna ba. Kotunan sarakuna da na alƙalai, da 'yan doka, da gidajen yari, duk sun ci gaba da zama a hannun En'e har ƙarshen mulkinsa, ga shi kuwa yawancin manyan En'e 'yan NPC ne. 'Yan NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a kan yin taro ba izini ko zargin zagin sarki. A ƙasar Tibi, inda jam'iyyar Joseph Tarka ke da rinjaye, an yi tarzoma a 1960 da 1964, aka zubar da jini. Matan Arewa kuma ba su jefa ƙuri'a ba ko sau ɗaya a zamaninsa. Mutumin da ya san zafin kotun da ke hannun abokin hamayya, ya bar irin wannan kotu tana aiki a kan abokan hamayyarsa. Wannan shi ne babban giɓin da mai nazarin rayuwarsa ba zai tsallake ba.

Rasuwarsa

Da asubahin Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka far wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Yana da shekara hamsin da biyar. A wannan juyin mulki aka kashe Tafawa Ɓalewa da Akintola da wasu manyan hafsoshi. A harabar gidan nan ne aka kafa Gidan Arewa, cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da Jihohi Suka Gada

Jihar da ya gina ba ta daɗe a bayansa ba. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ta shida, Gusau ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma, sa'an nan Jihar Sakkwato a 1976. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e ɗin kanta. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, garin da aka tura Sardauna ya wakilci Sakkwato ya zama babban birni mai gwamnansa.

Tsarin da ake bi yanzu, bisa kundin 1999, ya bambanta da nasa. Jama'a ke zaɓen Gwamna kai tsaye na shekara huɗu, kuma ba ya wuce zaɓe biyu. Shi ke naɗa kwamishinoni da amincewar Majalisar Dokoki, kuma ba a haɗa kujerar kwamishina da ta ɗan majalisa. Majalisar hawa ɗaya ce, ta Zamfara tana da wakilai 24, su ke yin doka, su ke amincewa da kasafin kuɗi. Sarakuna sun koma mashawarta. Kotuna suna ƙarƙashin Babban Joji da Alƙalin Alƙalai, 'yan sanda kuwa na tarayya ne. Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna cikin ƙananan hukumomi 14 na jihar. Amma ma'aikatu da manyan sakatarorinsu, da hukumar ɗaukar ma'aikata, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, da ikon gwamnati na naɗa sarki da sauke shi, duk gadon Kaduna ne.

Tambayoyin da ya fuskanta ma ba su mutu ba. Rinjayen da Kaduna ta yi wa En'e shi ne kakan rinjayen da gwamnoni ke yi wa ƙananan hukumomi, wanda ya kai ga Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Haka kuma rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Zamfara ya sa jihar ta kafa Askarawanta a 2024, ya kuma ƙara wa masu neman 'yan sandan jihohi hujja. Masu tsoron abin kuwa, tarihin 'yan doka suke tunawa.

Kammalawa

Sardauna ya hau matakan mulki tun daga gunduma har Jiha, kuma wannan ne ya sa ya san cewa gwamnati ba ta tsayuwa sai da ƙwararrun ma'aikata da lissafin kuɗi mai tsafta. A cikin shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni ya samar wa Arewa waɗannan. Abin da bai kammala ba shi ne raba mai ƙara da mai shari'a, da kare talaka da ɗan adawa daga hukumar da ke kusa da su. Ɗalibin da zai auna gwamnatin jiharsa ta yau, yana iya auna ta da waɗannan ma'aunai biyu. Allah ya jiƙan Sardauna, ya gafarta masa kurakuransa, amin.